Da Kiristocin farko suka ce Yesu ya tashi, jiki suke nufi ko ruhu?

Wani ɗalibi ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya ji ana faɗin cewa almajiran Yesu na farko ba su taɓa nufin gawarsa ta tashi ba, ruhunsa suke nufi, maganar jiki kuwa daga baya aka cusa ta. Yana so ya san ko haka masana suka ce.

Ɗan'uwa, akwai masanan da suka faɗi abin da ya yi kama da haka, amma maganar yadda ta iso kunnenka ta haɗa abubuwa biyu da ba a dama su a ƙwarya ɗaya. Abin da mutanen nan suka gaskata daban, abin da ya faru a Urushalima wajen shekara ta 30 miladiyya daban. Na farkon ana iya bin sawunsa cikin rubuce-rubucen da suka bari, kuma ra'ayin masana a kansa ya fi kusa da juna fiye da yadda ake zato. A kan na biyun ne aka rabu. Na san da yawa cikin masu karanta wannan Musulmi ne, Alƙur'ani kuwa a sura ta 4 aya ta 157 ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Ba wannan muhawarar nake buɗewa ba. Abin da ke gabanmu shi ne me Kiristocin ƙarni na farko da na biyu suka faɗa da bakinsu, wannan kuwa Musulmi da Kirista za su iya zama a tabarma ɗaya su duba shi.

A fara da kalmar kanta. Sabon Alkawari da Girkanci aka rubuta shi, kalmomin da ya yi amfani da su kuwa biyu ne: anastasis, wato miƙewa tsaye, da egeiro, wato tayar da wanda ke kwance ko yake barci. Almajiran Yesu Yahudawa ne, kuma sun tarar da waɗannan kalmomin da ma'anarsu a hannun mutanensu. A yawancin Tsohon Alkawari matattu suna gangarawa Sheyol ne, wurin duhu da shiru. Kwarin busassun ƙasusuwa da ke Ezekiyel 37 misali ne na farfaɗowar al'umma daga bauta, annabin da kansa ya fassara shi haka. Wurin da maganar ta fito ɓaro-ɓaro shi ne Daniyel 12:2, inda aka ce da yawa cikin masu barci a ƙurar ƙasa za su farka. Yawancin masana suna ajiye wannan sashen wajen shekara ta 165 kafin miladiyya, lokacin da sarki Antiyokus na huɗu yake kashe Yahudawa saboda sun ƙi barin Attaura. Labarin da ya fi nuna abin da ake nufi yana cikin Makabiyawa na biyu sura ta 7, littafin da ke cikin Baibul na Katolika da na Otodoks. 'Yan'uwa bakwai ake azabtarwa a gaban mahaifiyarsu. Da aka zo kan na uku, sai ya fito da harshensa, ya miƙa hannuwansa a yanke, yana cewa daga Sama ya same su, kuma daga can yake sa ran a mayar masa da su. Wanda ya yi wannan maganar ba ruhu marar hannu yake jira ba.

Ba duk Yahudawa suka yarda da haka ba. Farisiyawa sun yarda, Sadukiyawa sun ƙi, wasu kuma irin Filo na Iskandariya sun fi karkata ga dawwamar rai ba tare da jiki ba. Amma waɗannan na ƙarshe ba su kiran ra'ayinsu tashi. A wurin Girkawa kuwa, almajiran Aflatun suna ɗaukar jiki kurkuku ne da rai ke ɗokin fita daga cikinsa, shi ya sa Ayyukan Manzanni 17:32 ya ce da Bulus, manzon Kirista na ƙarni na farko, ya ambaci tashin matattu a Atina wasu suka yi masa ba'a. Da dawwamar rai ya yi wa'azi, da babu abin ba'a a ciki, don sun saba jin ta.

Cikakken bayani mafi tsufa da muke da shi a kan tashin Yesu yana hannun Bulus, tun kafin a rubuta Linjila ko ɗaya. Wasiƙarsa ta farko ce zuwa ga Korantiyawa, wadda ya rubuta daga Afisa wajen shekara ta 54. A sura ta 15 ya ce ya miƙa musu abin da shi ma ya karɓa: Almasihu ya mutu, aka binne shi, aka tashe shi a rana ta uku, ya bayyana ga Kefas, wato Bitrus, sa'an nan ga almajirai sha biyun, ga 'yan'uwa fiye da 500, ga Yakubu ɗan'uwan Yesu, ga manzanni duka, a ƙarshe ga shi Bulus. Salon jimlolin ya nuna hadda ce da ake bai wa sababbin shiga, ba ƙirƙirar Bulus ba. Ko Gerd Lüdemann, masanin Jamus da bai yarda an yi tashin ba, ya ajiye asalin wannan haddar cikin shekara biyu zuwa uku bayan gicciyewa. Bulus kuma ya faɗa a Galatiyawa 1:18 da 19 cewa ya kwana 15 wurin Bitrus a Urushalima, ya kuma ga Yakubu. Don haka duk mai cewa maganar tashi tatsuniya ce da ta girma bayan ƙarni, bai da madafa.

Inda ake kai ruwa rana shi ne wane irin tashi. Bulus bai ambaci kabarin da babu kowa a ciki ba, bai ambaci matan da suka je da asuba ba. Sa'an nan a aya ta 44 ya ce ana shuka jiki a matsayin soma psychikon, a tashe shi a matsayin soma pneumatikon, abin da akan fassara da jiki na Ruhu. A aya ta 50 ya ƙara da cewa nama da jini ba za su gaji Mulkin Allah ba. A kan waɗannan ayoyin biyu ne mai maganar da ka ji ya dogara, kuma ba a banza ya dogara a kansu ba.

Amma duba yadda Hausa kanta take yi. In na ce tukunyar ƙasa, ina gaya maka abin da aka yi ta da shi ne. In na ce fitilar kananzir, ba na nufin da kananzir aka ƙera ta, ina gaya maka abin da ke kunna ta ne. Girkanci yakan bambanta waɗannan biyu da ɗafa-ƙeya: kalmar da ta ƙare da inos yawanci kayan da aka yi abu da shi take nunawa, wadda ta ƙare da ikos kuwa hali ko abin da ke tafiyar da shi. Kalmomin Bulus duka biyu da ikos suka ƙare. Ta farkon ma daga psyche ta fito, wato rai, ka ga in aka ce jiki na biyu da ruhu aka yi shi, dole a ce jikin da muke ciki yanzu da rai aka yi shi, ba kuwa wanda ke faɗin haka. A cikin wasiƙar nan dai, sura ta 2 aya ta 14 da 15, Bulus ya yi amfani da kalmomin nan biyu a kan rayayyun mutane masu ci da sha: ɗaya ransa na ɗan'adam ke jansa, ɗaya Ruhun Allah. A sura ta 10 ya kira mannar da Isra'ilawa suka ci a jeji abinci na ruhu, alhali da haƙori aka tauna ta. Maganar nama da jini kuwa, Joachim Jeremias ya nuna tun 1956 cewa salon Yahudawa ne na faɗin ɗan'adam mai mutuwa, kamar yadda yake a Matiyu 16:17. Kuma Bulus bai tsaya nan ba. Ya ce za a sāke mu, ya ce lalle wannan mai ruɓewa ya yafa rashin ruɓa. Kalmar wannan tana da nauyi. Abin da ke ruɓewa shi za a yi wa sutura, ba a ce za a jefar da shi ba. A Romawa 8:11 ya ce Allah zai rayar da jikunanku masu mutuwa, a Filibiyawa 3:21 ya ce Almasihu zai sāke jikinmu na ƙasƙanci ya zama kamar jikinsa na ɗaukaka. Wannan ita ce fahimtar N. T. Wright cikin babban littafinsa na 2003, mai shafi sama da 800.

Akwai wata fahimtar da nake ganin ta cancanci a saurare ta da kyau. Dale Martin a 1995, da Troels Engberg-Pedersen a 2010, sun ce kuskurenmu shi ne muna ɗaukar ruhu abu ne da ba shi da jiki sam, alhali a wurin mutanen wancan zamanin, musamman masanan falsafar da ake kira Sitokiyawa, pneuma wani abu ne mai laushi ƙwarai, kamar iska mai haɗe da wuta, irin abin da suke ganin taurari da shi aka yi su. Sun lura Bulus ya kawo rana da wata da taurari a sura ta 15 aya ta 40 da 41, Daniyel 12:3 ma ya ce masu hikima za su haskaka kamar taurari. A ganinsu jikin tashi a wurin Bulus ya rabu da nama da jini, ya zama na wannan abu mai haske. To ka lura, su ma ba su ce fatalwa ba ce. Sun ce jiki ne, kayansa ne suka sāke. Masu cewa Bulus yana ganin tsohon jiki zai zauna a kabari a ba mutum wani sabo dabam, suna kafa hujja da Korantiyawa ta biyu sura ta 5, inda ya yi maganar alfarwa da ake rushewa da gida daga Allah. Ayar tana da wuya, ban raina ta ba, amma masu wannan ra'ayin tsiraru ne, kuma sai sun yi wa ayoyin Romawa da Filibiyawa dabara kafin su wuce su.

Ni dai, bayan shekarun da na yi ina karanta wannan surar da ɗalibai, inda na tsaya shi ne misalin da Bulus ya kawo da kansa, na ƙwayar iri. Ya ambaci alkama, amma manomin gero zai fi kowa ganewa. Abin da ka jefa rami da damina ba shi da kama da karan da ya fi ka tsawo da kaka, duk da haka ba daga wani wuri karan ya fito ba, kuma in ka tona gindinsa ba za ka tarar da ƙwayar tana kwance yadda ka sa ta ba. Bulus bai yi tunanin gawa ta farfaɗo ta koma rayuwar jiya kamar Li'azaru, wanda Linjila ta ce Yesu ya tayar daga kabari, ba, bai kuma yi tunanin rai ya tsere ya bar gawa ba. Wanda ya ce aka binne shi, aka tashe shi, da kalmar tayar da na kwance, Bafarisiye kuma tun tasowarsa, da wuya ya zaci gawar tana nan a kabari. John Granger Cook ya tattara ɗimbin nassoshin Girkawa da Yahudawa a 2018, ya nuna haka ake amfani da kalmomin nan in ana maganar matacce.

Linjilu sun zo bayan Bulus. Markus, wadda yawancin masana ke ajiyewa wajen shekara ta 70, ta ƙare a 16:8 cikin tsofaffin kwafi biyu na ƙarni na huɗu, na Sina'i da na Batikan: mata sun tarar da kabari a buɗe, an gaya musu ya tashi, suka gudu da tsoro. Luka ya kawo Yesu yana cewa a taɓa shi, fatalwa ba ta da nama da ƙashi, ya kuma ci gasasshen kifi a gabansu. Yahaya ya kawo almajiri Toma, wanda ya ce ba zai gaskata ba sai ya taɓa gurbin ƙusoshi. Daga nan wasu masana suka ce ga shi nan, labarin yana ƙara nama ne yayin da shekaru ke tafiya. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce Bulus ya jera ganin da ya yi a layi ɗaya da na Bitrus, da kalma ɗaya, alhali Ayyukan Manzanni ya kwatanta nasa da haske daga sama a hanyar Dimashƙu. Ina ganin akwai gaskiya a cewa Luka da Yahaya sun fi jaddada taɓawa, wataƙila don amsa masu cewa fatalwa aka gani. Sai dai Lukan nan da ya kawo kifi shi ya ce almajirai biyu sun yi doguwar tafiya da Yesu zuwa Imuwasu ba su gane shi ba, da suka gane kuma ya ɓace. Yahayan da ya kawo Toma shi ya ce ƙofofi a kulle suke ya tsaya a tsakiyarsu. Matiyu 28:17 ma ya ce sun gan shi, amma wasu suka yi shakka. Wanda ke son ya tabbatar da nama zalla ba zai bar waɗannan a cikin labarinsa ba.

A kan abin da ya faru kuwa, muhawarar zamani ta yi ƙarfi ne a Jamus. Reimarus, wanda aka buga rubutunsa tsakanin 1774 da 1778 bayan ya mutu, ya ce almajirai sun sace gawar, zargin da Matiyu 28 ya riga ya san da shi. Yau kusan babu masanin da ke riƙe da wannan, don mutanen sun sha wuya a kan maganarsu kamar masu gaskata ta. David Strauss a 1835 ya ce wahayi suka gani, labari ya taru a kai. Rudolf Bultmann, daga 1941, ya ce abin da tarihi zai iya kamawa shi ne bangaskiyar almajiran kawai, Yesu ya tashi ne cikin wa'azinsu. Mai yiwuwa daga wannan reshen maganar da ka ji ta gangaro, amma Bultmann yana faɗin abin da mutumin zamani zai iya gaskatawa ne, ba abin da Bitrus ya gaskata ba. Lüdemann a 1994 ya ce baƙin ciki da nadamar musun sanin Yesu da ya yi ne suka sa Bitrus ya ga abin da ya gani. John Dominic Crossan, da Bart Ehrman a 2014, sun yi shakkar an ma binne Yesu a sanannen kabari, tun da Romawa sukan bar gawa a kan gicciye. Masu amsa musu suna nuna ƙashin diddigen wani gicciyayye mai suna Yehohanan da aka tono a Urushalima a 1968, da ƙusa har yanzu a ciki, a kabarin danginsa, suna kuma kawo shaidar Yosefus, marubucin tarihi Bayahude na ƙarni na farko, cewa Yahudawa sukan sauke waɗanda aka gicciye su binne kafin faɗuwar rana. Abin lura gare ka shi ne Ehrman, wanda ba ya bin addinin Kirista yanzu, ya yarda almajiran sun gaskata da tashin jiki ne, don a matsayinsu na Yahudawa masu jiran ranar ƙarshe abin da kalmar ke nufi a wurinsu ke nan.

Wanda na fi ganin adalcinsa shi ne Dale Allison. Ya tattara labaran masu ganin mamatansu bayan rasuwa, ya ce ba za a yi watsi da kamanninsu da labaran Linjila ba. Duk da haka ya ga ya fi yiwuwa an tarar da kabarin babu kowa, sa'an nan ya ce hujjojin tarihi ba su isa su tilasta wa kowa ba, ta kowane ɓangare. Wright ya wuce nan, ya ce babu bayanin da ya ɗauke nauyin shaidun sai tashin kansa. Ina ganin ya ɗora wa tarihi kayan da ba nasa ba, amma tambayarsa ɗaya har yau ba a amsa ta yadda ya gamsar da ni ba. Yahudawa suna jiran tashin kowa da kowa ne a ƙarshen zamani, kamar yadda Marta 'yar'uwar Li'azaru ta faɗa a Yahaya 11:24. Suna da kalmomin da za su ce mutumin kirki yana wurin Allah, ko mala'ikansa aka gani. Me ya sa almajiran Yesu suka ce mutum ɗaya ya riga ya tashi a tsakiyar zamani, har Bulus ya kira shi nunan fari?

Inda maganar da ka ji take da ƙamshin gaskiya shi ne ƙarni na biyu. A nan ne kalmar nama ta hau gaba, saboda an sami Kiristocin da ke cewa Yesu kamar mutum kawai ya bayyana, ko tashi abu ne da ke faruwa a zuciya tun yanzu. Timoti ta biyu 2:18 ta riga ta koka da masu cewa tashin ya wuce, kuma cikin littattafan da aka tono a Nag Hammadi ta Masar a 1945 akwai wasiƙa zuwa ga wani Reginos mai wannan salon. Ignatiyus na Antakiya, wajen shekara ta 110, yana kan hanyarsa ta zuwa Roma a kashe shi, ya rubuta cewa ya sani kuma ya gaskata Yesu yana cikin nama bayan tashinsa. Yustin Shahidi ya ce masu cewa rai kawai ke hawa sama in an mutu, babu tashin matattu, kada a ɗauke su Kirista. Ireniyus ya koka cewa abokan hamayyarsa kullum ayar nama da jini suke kawowa. Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya rubuta littafi guda a kan tashin nama. Orijin na Iskandariya ya ce jiki kamar kogi yake, kayansa kullum sākewa suke, siffarsa ce ke tashi, aka yi ta sukarsa ƙarni bayan ƙarni. Har Agustin ya zauna yana amsa tambayar ina gashin da aka aske da farcen da aka yanke za su. Ɗalibin ilimin Musulunci zai ga ya san wannan gardamar, don Imam Gazali ya yi wa Ibn Sina da masu falsafa raddi mai zafi a kan tashin jikuna, Suratul Ƙiyama kuma ta ambaci har kan yatsu.

Maƙiyan Kiristocin ma sun san abin da suke nufi. Kelsus, wani masanin falsafa mai sukar Kiristanci, wajen shekara ta 178, ya kira begensu begen tsutsotsi, yana tambaya wane rai ne zai so komawa cikin ruɓaɓɓen jiki. A shekara ta 177 aka kashe Kiristoci a birnin Liyon, a Faransa ta yau, cikinsu da tsohon bishop Fotinus mai shekara sama da 90 da wata baiwa mai suna Balandina. Wasiƙar da waɗanda suka tsira suka rubuta ta ce an bar gawarwakin a fili kwana shida da masu gadi don kada a binne su, sa'an nan aka ƙone su, aka share tokar cikin kogin Ron, masu yin haka suna cewa bari mu gani ko za su tashi.